Bututu a Ɗakin Mai Jego

Lisebo ta jiyo gurnanin motar tun tana can ƙasan kwari, ta saki bokitin ruwanta a bakin marmaro ta yanko gona da gudu. Busassun karan masara na karairayewa a ƙarƙashin takalmin robarta, iska na tsula mata bulala a fuska. Tun safe sama ta sauko ta zauna daram a kan duwatsu, kuma babu wanda aka haifa a ƙauyen Ha Phatela da bai san fassarar hakan ba. Dusar ƙanƙara na tafe kafin yamma.

Motar nan take jira kullum. Jaririn da ƙanwarta Kananelo ta haifa bai cika wata ba, amma numfashinsa sai ka ce ana jan zarto a ɗanyen itace. Ɗakin jegon rufin kwano ne, da dare sanyi ya taru a jikin kwanon ya riƙa ɗiga a kan barguna. Abin ɗumamarsu kuwa bokitin ƙarfe ne mai huje-huje da ake cika shi da busasshen kashin shanu, ya yi ta turnuƙe ɗakin har idon mutum ya koma garwashi. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo a kan doki ta kara kunne a ƙirjin yaron, ta miƙe ba tare da wani kwana-kwana ba ta ce in an kashe wutar sanyi zai ɗauke shi, in an bar ta hayaƙi zai ɗauke shi. Ita ce ta yi musu hanya wajen masu raba murhun ƙarfe mai bututu, irin wanda ke riƙe zafi a ɗaki ya fitar da hayaƙi ta sama.

Ko da Lisebo ta iso tsakar gida tana haki, a-kori-kurar na tsaye, murhun na bayanta a ɗaure da igiya, babu wanda ya taɓa shi. Shugaban masu aikin, wani gajere mai furfura a gemu da ake kira Ntate Mohapi, wato Baba Mohapi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, idonsa na kan sillen karan da aka soke a saman ƙofar ɗakin, alamar mai jego na ciki. A bakin ƙofar kuwa mahaifiyarta ce, Matankiso, ta naɗe cikin bargo, sanda a kan cinya.

"Mme, ba wanda ya gaya min akwai kara a ƙofar nan," in ji Ntate Mohapi, yana kiran ta Mme, wato uwa, yadda ake kiran manyan mata.

"To yanzu idonka ya gaya maka."

"Mme, murhu suka kawo fa," Lisebo ta faɗa tana dafe da ƙirji. "Ba maita suka kawo ba."

"Na ce maita? Ƙafa na ce. Kin san inda ƙafar wannan bawan Allah ta taka kafin ta zo nan? Ta taka asibiti, ta taka maƙabarta, ta taka ɗakunan matan da shi kansa bai riƙe sunansu ba."

"Haba Mme, ina da aure fa," in ji Ntate Mohapi.

"Ai ku ne kuka fi yawo."

Yaran aikinsa biyu suka juya baya suna dariya a cikin bargo. Matankiso ko gezau.

"Uban yaron ma da ya taso takanas daga ramin haƙar ma'adinai, a bayan bangon nan ya tsaya ya ji kukan ɗansa ya koma. Muddin karan nan na sama, namiji ba ya shiga. Maɗigar yaro ba ta rufe ba."

"To a mayar da Kananelo ɗakin girki na ɗan lokaci."

"Mai jego ta tsallake bakin ƙofa? Zaman birnin Maseru ya cinye miki hankali, Lisebo."

Daga cikin ɗakin tarin jaririn ya taso, siriri, busasshe, ya ja dogo har ya sarƙe. Direban da ko saukowa bai yi ba ya danna oda, ya leƙo kai ya nuna sama da baki.

Ntate Mohapi ya mayar da hularsa. "Ni ma ɗan ƙasar nan ne, ausi 'yar'uwa, ba zan tsallake kara ba. Kuma in dusar ƙanƙara ta toshe mashigar dutse muna wannan ɓangaren, nan za mu yi damina da rani. Mu tafi, ma dawo."

"Yaushe?"

"In hanya ta buɗe. Bayan sanyi."

"Bayan sanyi wa ke neman murhu, Ntate?"

Lisebo ta dubi murhun, ta dubi ƙofar, ƙafafunta sun kasa tsayuwa wuri ɗaya.

"Ku sauke shi. Mu za mu shigar."

"Ku wa? Ƙarfen nan ya kai nauyin maraƙi."

Ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. A gangaren ƙauye farar tuta na kaɗawa a kan sanda, alamar giyar dawar Ausi Seipati ta nuna, kuma duk inda tutar nan ta tashi ba a rasa mata a gindin tukunya. Lisebo ta faɗa ɗakin ba sallama, ta zayyana musu zancen cikin numfashi ɗaya.

Seipati, ƙatuwar mace mai murya kamar ganga, ta ajiye ludayi. "Wato maza sun zo da abinsu sun kasa shigarwa."

Mata suka kwashe da shewa.

"Ba yau aka fara ba," in ji wata daga lungu.

"Ku tashi, ku tashi. Wadda ta sha ta ƙoshi ta zauna, kada ta sakar min ƙarfe a ƙafa."

Suka hauro su huɗu ko biyar, barguna na tashi a bayansu. Matankiso ta ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebo toka ta barbaɗa a bakin ƙofa, ta sa kowace ta taka kafin ta shiga. Maza suka sauke murhun har iyakar inda aka yarda su tsaya, mata suka zura sanduna ta ƙarƙashinsa. Seipati ta ba da murya, suka ɗaga, suka yi tangal-tangal, wata ta zagi uban wanda ya ƙera shi, ƙarfen ya kankare gefen ƙofa ya shige. A tsakar ɗakin ba wuri, dole aka fito da bokitin wutar aka juye shi a bayan gida. Tun daga wannan lokacin babu wuta a ɗakin jaririn, kuma ƙofa a wangame take.

"Saura huji," in ji Ntate Mohapi. Ya jingina tsani a bango, ya soke almakashin kwano a ɗamara, ya ɗora ƙafa a matakin farko.

Sandar Matankiso ta sauka a kan tsanin, ƙwas.

"Ƙafar da na hana ta tsaya a gefen yaro, ita za ka ɗora masa a bisa kai?"

"Mme, a waje nake fa. Kwano na tsakaninmu."

"Kwanon da ruwa ke ratsawa?"

Ya sauke ƙafar a hankali, ya dubi Lisebo kamar mai cewa na yi iyakar ƙoƙarina. Direba ya sake danna oda, wannan karon bai saki da wuri ba.

"A fasa bango mana," in ji Lisebo.

"Bututunmu miƙaƙƙe ne, ba mu zo da mai gwiwa ba. Ko sama ko babu."

Lisebo ta zare almakashin daga ɗamararsa kafin ya ankara. Shekarunta nawa tana yanka yadin wando a masana'antar ɗinki a Maseru kafin a rufe a sallame su, hannunta ya san almakashi.

"Kwano ba yadi ba ne, ausi."

"Kai dai faɗi, ni in yi."

Ta kwance bargonta ta jefa wa Seipati, ta ja hular ulunta ta rufe kunnuwa, ta karɓi guduma da kurfi ta haye. Can sama iskar ta ninka ta ƙasa. Kwanon na lotsawa a ƙarƙashin gwiwarta, manyan duwatsun da aka danne rufin da su na motsi kaɗan-kaɗan.

"Bi layin ƙusa," Ntate Mohapi ya ɗaga murya daga ƙasa. "Inda ƙusa take nan katako yake. Kika kauce, a kan gadon ƙanwarki za ki sauka."

"Kananelo, buga min daidai saman murhun," Lisebo ta kira.

Daga ciki aka ƙwanƙwasa kwanon da sandar tsintsiya. Lisebo ta rarrafa zuwa wurin, ta kafa kurfi, ta sauke guduma. Ƙarar ta cika ɗakin kamar an fasa tsawa, jaririn ya tsandara kuka, kukan ya rikiɗe tari. Ta cije leɓe ta ci gaba. Da ƙarfe ya huje ta zura bakin almakashi ta fara zagayawa, hannu biyu take matsawa, gefen kwanon na yankar mata yatsu ba ta ma ji. Ta kusa rabin da'ira almakashin ya ƙi gaba. Ta leƙa. Katako ne kwance a tsakiyar hujin.

"Ntate, akwai katako."

"Wa ya buga miki wurin?"

"Da hannu ɗaya na buga," muryar Kananelo ta fito ta hujin, a shaƙe. "Ɗayan na riƙe da yaro. Ausi, yi sauri, jikinsa ya yi sanyi."

"Kada ki taɓa katakon," in ji Ntate Mohapi. "Matsa gefe ki sake yanka. Ku na ciki, ku tura murhun ya bi ta."

"Mu tura ina?" Seipati ta amsa. "Kai kana can kana ba da oda hannu a aljihu kamar ɗan majalisa."

Lisebo ta sake yanka. Hujin yanzu ya zama baki mai faɗi, ya fi abin da ake so nesa ba kusa ba. Ta cikinsa ta hango ƙanwarta a takure a kan gado, fuskarta shafe da jan ƙasar jego, ta cusa yaron a cikin rigarta. A daidai lokacin wani farin abu ya sauka a bayan hannun Lisebo ya narke. Wani ya biyo. Ta ga ƙwayoyin na bi ta hujin da ta yanka da hannunta suna sauka a hankali a kan bargon jariri.

Ɗazu ɗakin na da rufi da wuta, ko da mai hayaƙi ce. Yanzu ba ko ɗaya, kuma ita ta jawo.

"Ku turo bututun. Ku turo mana."

Bakin bututun ya leƙo, ya karkace, ya koma, ya sake leƙowa. Ta cafke shi ta ja.

"Ke ta sama," Seipati ta kira, "dusa na zubo mana a ido ta cikin abin nan, ba ma ganin inda za mu haɗa."

Lisebo ta fizge hularta ta cusa a bakin bututun. Iska ta shiga kunnuwanta kamar allura. Ntate Mohapi ya yi ɗage ya miƙo mata farantin da ke zagaye bututu da wani yankin kwano na toshe ɓarnar farko, ya cillo gam da ƙusoshi a ƙunshe cikin tsumma. Yana faɗa tana yi. Yatsunta sun daina jin maganarta, ƙusa ta kubce ta gangara, wata ta bi ta, ta buga guduma a babban yatsa ta ga jini bai ma fito ba.

Injin mota ya tashi.

"Mohapi, ni na tafi," direban ya ce. "In kana son auren ƙauyen nan ka zauna."

Yaran aikin tuni sun haye baya sun lulluɓe. Ntate Mohapi ya dubi hanyar dutsen da ta fara ɓacewa a cikin fari, ya dubi rufin.

"Ga murfin kan bututun, kifa shi ki danna da ƙarfi. Sauko, ausi, sauko, da tsanin za mu tafi."

Ta kifa murfin, ta doke shi da guduma ya zauna, ta silalo ƙasa. Ƙafarta na taɓa ƙasa suka fizge tsanin suka jefa a mota.

"Ku fara da ƙirare, kada ku cika shi," ya faɗa yana gudu yana waige. "Allunan rufin ciki na nan mun jingine, in an sauke kara..."

Sauran maganar iska ta tafi da ita. Motar ta gangara tana wutsil-wutsil da gindi, ta sha kwana.

Lisebo ta taka toka ta shiga. Aka ja ƙofa. Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa, numfashin kowa na fita fari. Seipati ta durƙusa ta jera ƙirare da guntun kashin shanu, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama, ta yi rawa, mata suka fara murmushi.

Sai hayaƙi ya dawo.

Ya fara da zare-zare ta gefen ƙofar murhun, sannan ya bulbulo ta kowace kafa, ta mahaɗar bututu, ta ƙarƙashin farantin girki, rawaya mai kauri, ya fi na bokiti sau nawa. Nan da nan suka daina ganin juna. Mata suka hau tari. Jaririn ya yi nasa tarin sau ɗaya, ya ja wani numfashi mai ƙara, shiru ya biyo baya.

"Mme, ba ya kuka," in ji Kananelo. "Mme, duba min shi."

Matankiso ta banka ƙofa da ƙafa, dusa ta kwararo ciki. Ta karɓi yaron ta kifa shi a hannu tana murza bayansa har ya saki wani ɗan kuka kamar na kyanwa. Ta mayar wa uwarsa, ta juyo.

"Ku kashe abin nan. Seipati, ɗauko min bokitina. Da shi na raini 'ya'yana, babu wanda ya mutu a hannuna."

"Mme, a ɗan ba shi lokaci..."

"Lokacin wa? Kin kori wutata, kin fasa min rufi, kin kawo min ƙarfen da ke amai. Masu shi sun gudu sun bar ki." Ta zare mata ido, sai kallon ya tsaya a kanta, ga dusa na narkewa a cikin kitsonta. "Dube ki. Ke ma so kike ki kwanta min? Ina hularki?"

Lisebo ta kai hannu kai. Hular na can cushe a cikin bututun.

"Kada ku kashe," ta ce, ta yi waje.

Babu tsani. Ta zaga ɗakin da gudu, bango dutse ne mai santsi, dusa ta fara kwanciya a kansa. A kusurwa akwai duron tarar ruwan sama, ta mirgino shi, ta haye, yatsunta suka tsaya ƙasa da bakin rufin da kamu guda.

"Ausi Seipati."

Seipati ta zagayo tana share hawayen hayaƙi, bokitin a hannunta. Ta dubi duron, ta dubi Lisebo, ta ajiye bokitin.

"Mijina ma bai taɓa hawa kafaɗata ba," ta ce, ta dafa bango ta sunkuya. "Cire takalmin, 'yar banza."

Da safa Lisebo ta taka kafaɗar, ta kama bakin kwano, ta ja jikinta ƙirji ya gurje. Rufin ya koma fari fat, layin ƙusar ya ɓace. Ta kwanta rub-da-ciki tana laluben kawunan ƙusa da tafin hannu, ta ja jiki, ta zame baya, ta tokare ƙafa da ɗaya daga cikin duwatsun danne rufi. Dutsen ya motsa, ya tsaya. Ta sake ja.

Bututun da ɗumi. Ta rungume shi da hannu ɗaya, ta kama murfin da ɗayan. Ita ta doke shi da guduma, ya zauna zaman har abada. Gudumar kuma na can ƙasa. Ta girgiza shi, ta murɗa, ta sa kafaɗa ta tura daga ƙasa. A ƙarƙashinta tana jin tarin mata da muryar Kananelo na kiran sunanta ba ƙaƙƙautawa. Ta lalubo ƙaramin dutse a gefe ta shiga dukan leɓen murfin, tana dukan tana zaginsa, har ya yi tsalle ya faɗa kan kwano. Ta danne shi da gwiwa kafin ya gangara.

Hular ta nutse ciki. Ta zura hannu har gwiwar hannu, ƙarfe na ƙuna, yatsunta suka taɓo ulu. Ta matse da farce biyu ta jawo a hankali.

Hayaƙin ya doke ta a fuska kamar naushi. Ta kauce tana tari, hawaye na zuba, ta ji bututun ya ɗauki wani gurnani daga can ƙasa, wuta ta sami hanya. Hayaƙi ya miƙe sama, baƙi da farko, ya koma toka-toka, iska ta karya shi ta yi gabas da shi. Ta mayar da murfin da hannu, ta kwanta a gefen bututun ta manna kunne a kan kwano.

Tarin matan ya ragu. Aka rufe ƙofa. Wata ta ce wani abu, wata ta yi dariya. Na yaron ne ba ta ji ba, ba tari, ba kuka. Ta ƙara danna kunnen har sanyin ƙarfen ya shiga haƙoranta.

"Ausi Seipati, me ake ciki?"

Seipati ta riga ta koma ciki.

Ta daɗe a haka, ko kuwa ita ta ga daɗewar. Dusa na taruwa a bayanta, gefenta ɗaya na shan ɗumin bututu. Sai ƙofa ta yi ƙara. Matankiso ta fito tsakar gida, ta ja baya har inda za ta hango saman rufin, ta tsaya tana kallon hayaƙin da ke fita. Ta jima tana kallo. Sannan ta sa ƙafa ta ture bokitin da Seipati ta bari a hanya, ya mirgina gindin bango.

"Mme?"

"Yana shan nono."

Lisebo ta kifa goshi a kan hannunta.

"Ƙirjin fa?"

"Ƙirji ba ya warkewa a yini ɗaya. Amma ya kama da ƙarfi, har uwar na ƙorafi. Seipati ta cire bargo, wai zafi ya dame ta." Tsohuwar ta gyara fil ɗin bargonta. "Sauko haka nan kafin ki daskare min a sama mutane su ce na kafa tutar giya."

Lisebo ta leƙa bakin rufin. Duron ya yi nisa, ƙasa ta yi fari, ƙafafunta ba ta jin su.

"Ta ina, Mme?"

Matankiso ta auna tsayin da ido, ta ja tsaki, ta juya wajen ƙofa.

"Seipati, ajiye shayin nan ku fito da babban bargo ta diro a ciki. Ku kama shi da kyau, ita kaɗai ta san yadda ake sa allunan can."